Zuwaira ta rubuta labarin rumbun kakanta

Assalamu alaikum Malam mai gabatar da shiri, da dukan masu saurare. Ni ne Hamisu, daga wani ƙauye kusa da Tsarnawa.

A hutun daminar nan na kai ɗiyata Zuwaira, 'yar kwaleji, wani horo da aka yi wa yara a Konni kan rubuta labari. Malaminsu ya ce kowa ya rubuta abin da ya gani a gida. Ranar rufewa aka gayyaci iyaye, na tafi da tsohona, Malam Isa.

Zuwaira ta miƙe ta karanta labarin wani dattijo da hatsinsa ya ƙare tun bazara, amma kullum da safe sai ya hau rumbu ya sauko da kwando a rufe, don kada maƙwabta su gane. Ba ta faɗi suna ba, amma mutanen garinmu suna wurin. Ana cikin tafi wani ya juyo ya ce, "Malam Isa, ashe abin ya kai haka?"

Tun ranar tsoho bai fita masallaci ba. Shi da ke kiran Zuwaira "amaryata", yanzu ko gaisuwarta ba ya amsawa. Jiya ta tambaye ni, "Baba, ƙarya na yi?" Ni na kai ta, kuma ban sani ba ko kuskure na yi.

Ayyukan da ke jira na gobe: maimai a gonar gero, roƙon liman ya zo ya lallashi tsoho, sai amsar Zuwaira. Masu saurare, don Allah me zan ce mata?