Rabon Akwati

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Shugaban wannan taro, mai girma shugaban jami'a, wakilan iyayenmu sarakuna, shugabar wannan cibiya ta bincike, Dakta Veronica, da malaman da ke aiki tare da ita, wakilan gwamnati da masu injinan casar shinkafa, manoman fadama da suka taho tun daga Augie da Argungu, ɗalibai, 'ya'yana, 'yan'uwana mata da ke zaune can baya, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum, ina gaishe ku da zama.

Sunana Laure, daga Argungu nake, sana'ata turara shinkafa. Karatuna bai wuce firamare ba, don haka in na yi tuntuɓe a magana, ku yi mini uzuri. Ni ce mahaifiyar injiniyan da kuka taru domin tunawa da shi. Sunan da shugaba ya ambata, bakina bai saba da shi ba, ɗan fari ne. Labbo nake ce masa, kuma da shi zan kira shi a nan.

Na gode wa waɗanda suka yi jinyarsa tare da mu bara, na gode wa waɗanda suka raka shi makwancinsa, na gode wa waɗanda har yau in sun bi ta Argungu sai sun tsaya sun ce, "Inna, ya haƙuri?" Allah ya saka muku.

An ce in zo in yi godiya in zauna. To amma da na ji cewa tallafin da wata ƙungiya ta ƙasar waje ke bai wa wannan cibiya zai ƙare bayan kaka, kuma ba a san abin da zai biyo baya ba, sai na taho da tambayoyina. Ni mai yawan tambaya ce. Labbo ma a wurina ya gada.

Tambayata ta farko, shi na fara yi wa ita. Na ce, "Wai kai mene ne aikinka? Mutane na tambayata, ina ce musu gyaran wuta kake yi." Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Inna, ke in an kawo miki shanshera, shinkafa da ƙaiƙayinta, haka kike zuba ta a tukunya?" Na ce, "Wa zai ci? Sai an turara, an shanya, an cashe." Ya ce, "To wutar da faifan sola ke kamowa daga rana ma shanshera ce. Injin ban ruwa ba ya iya cin ta haka. Akwatin da muke ƙerawa shi ke gyara masa ita." Tun daga ranar na fahimta. Ya kuma gaya mini cewa akwatunan da ake sayowa daga waje ba su san zafin Kebbi ba, ba su san laimar fadama ba, ba su san ƙadangare na neman inuwa a cikinsu ba. Nasu na nan, an yi su ne domin mu.

Wata rana ya zo gida fuskarsa cike da murna. Na ce, "An ƙara maka albashi?" Ya ce, "A'a, yau mun ƙona akwati." Na ce, "Innalillahi! Shi ne kake washe baki?" Ya ce, "Gara ya ƙone a hannunmu mu ga inda yake mutuwa, da ya ƙone a gonar mutum albasa tana tsakiyar son ruwa." A nan na gane inda kuɗin ke tafiya. Akwai aikin da sai an yi ta ɓarna kafin a ga amfaninsa, kuma mai irin wannan aiki yana bukatar wanda zai yi haƙuri da shi.

Wannan ya kai ni ga tambaya ta biyu, ita kuwa har yau ban samu mai amsa mini ba. Me ya sa tallafi ke da ranar ƙarewa, alhali aikin ba shi da ita? Ba zargi nake yi ba, wallahi sani nake so. Waɗanda suka ba da, sun kyauta, sun kuma faɗi ranarsu tun farko. Amma akwatunan suna nan a gonaki. Za su tsufa, za su lalace, manomi zai ɗauko nasa a bayan babur ya nufo nan. Wa zai tarar? 'Ya'yan nan da suka koyi aikin, in aka ce babu abin riƙe su, za su watse Legas da Abuja, kuma ba mai ganin laifinsu. Shin haka ake yi a ko'ina? Ko akwai wuraren da irin wannan cibiya ke da gonarta, ko wani abu da take sayarwa, ko wani kaso da aka yanka mata wanda ba ya yankewa da sauyin gwamnati? Ku da kuka yi karatu kuka zaga duniya, ku gaya mana, mu ma muna son mu sani.

Tambaya ta uku ita ce ta hana ni zama a gida: in manomi na son ba da nasa, ina zai kai?

Bayan an share makoki, sai ga Malam Usmanu, shugaban manoman ban ruwa na Augie, ga shi can zaune da jar hula. Ya zo da mota, aka dinga sauke buhunan shinkafa a zaurena. Na ce, "Malam, wannan ya wuce gaisuwa." Ya ce, "Ba gaisuwa ce ba, Hajiya. Rabon akwati ne."

Ku da ba manoma ba, bari in gaya muku. A fadama, ranar da aka buge shinkafa, ba a ɗinke buhu sai an fitar wa duk wanda ya sa hannu a gonar da rabonsa: mai yanka, mai bugu, mai ɗauka, mai injin ruwa. Da akwati ya zo ya raba su da sayen fetur, sai suka ga shi ma ya sa hannu, suka dinga fitar masa da nasa kowace kaka. Malam Usmanu ya ce mini, "Mun taɓa kai shi jami'a. Maigadi ya dube mu, ya dubi buhuna, yac ce muna, 'Baba, nan ba a talla, kasuwa na can gaba.' Munka ji kunya, munka juyo. Munka kai wa ɗanki, yac ce shi ba ya taɓawa, aikin ba nashi ba ne shi kaɗai. To mi za mu yi? Mun ɗauka gwamnati ta ɗauke musu komai, ba su da bukata."

Ku duba wannan al'amari, jama'a. Masu akwati suna nan suna rubuta wa ƙasashen waje roƙo, masu gona suna can suna neman wanda zai karɓi nasu. Waɗannan na jin nauyin tambayar talaka, waɗancan na jin kunyar shiga ofis. Maigadi ma ba shi da laifi, ba wanda ya taɓa gaya masa cewa buhu zai iya zama kuɗin bincike.

Na zo na sami Dakta Veronica na ba ta labari. Ta yi dariya, sai kuma ta yi kuka. Ta ce, "Mama, mu a tsarinmu babu inda aka tanadi karɓar shinkafa." Na ce, "'Yata, tsarin daga sama ya sauko?" Ta ce, "A'a, mutane suka yi shi."

Ban ce shinkafar Augie kaɗai za ta riƙe wannan wuri ba. Ban san ko za ta kai rabi ba, ko ma kusa da shi. Ga gwamnati, ga masu injinan casa da ke samun shanshera rani da damina albarkacin ban ruwa, kowa ya san nasa rabon. Abin da na sani shi ne, wannan rabo ba ya da ranar ƙarewa, muddin ana shuka, muddin akwati na aiki. Kuma wanda ya ba da, zai ji wurin nasa ne, zai zo ya tambayi abin da aka yi da shi.

Buhunan suna nan a zaurena, ban ci ko tsaba ba, ba nawa ba ne. Shinkafar bana kuwa ta fara fitar da kai. Ranka ya daɗe shugaba, roƙona ɗaya ne: kafin a watse daga wannan taro, a nuna wa Malam Usmanu ƙofar da zai kai, a kuma gaya wa maigadi ya buɗe masa.

Allah ya jiƙan Labbo da dukkan magabatanmu. Allah ya raya 'ya'yan da ya bari a kan wannan aiki, ya sa kada su rasa abin da zai zaunar da su a gida. Allah ya ba mu damina mai albarka da rani mai albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.