Jinin Baba Bai Tare Masa Komi Ba

Salama a gare ku cikin sunan Yesu Almasihu, iyayena da 'yan'uwana.

Kun ga maigidana, Baban Rahila, zaune can bakin ƙofa da sanda. Da ransa, shi ya sa na tsaya gabanku. Amma ba ni yin ƙarya cikin ɗakin Ubangiji: godiyata ta yau da ɗaci a cikinta.

Surukina yana can garinsu, Babankatami. Tsoho ne tukuf, amma har yau da ƙafarsa yake zuwa gona, fura da tuwon hatsi ne abincinsa. 'Ya'yansa maza ukku sunka zo Madawa cinikin albasa. Babban ya faɗi a tasha, bai tashi ba. Na biyun, ciwon sukari ya ci ƙafarsa kafin ya ci ransa. Ba wanda ya yi furfurar kirki a cikinsu. Saura nawa.

Shi kuwa tun da ya haye arba'in, tumbi ya fito, wuya ya cika. Daga kan moto sai tabarmar fada, inda suke hira da abokansa: shayi mai sukari kamar zuma, tsire, da sigari a bayan kamiyo, babbar motar kaya, don kada dattawan ikilisiya su gani. Ni ke wankin rigunan, na san warin. Likita ya auna shi, ya ce tansiyo ta hau, wato hawan jini, ya rubuta masa magani na kullum. Da ciwon kai ya lafa, sai ya cusa sauran ƙarƙashin katifa.

Na ce, "Baban Rahila, ka tuna da yayyenka."

Ya yi dariya. "Su kwanansu ne ya ƙare. Ni jinin Baba na ɗauko. Sai na tauna goro da dasashi."

In na rage gishiri a miya, ya ture kwano ya tahi waje. Abokansa na fada har ba'a suke mini: "Madam likita, bar mutum shi ci arzikinai mana."

Ranar kasuwa, ana lodin buhuna, ya zube. Da anka kai ni asibiti na tarar baki ya karkace, gefen hagu ya mutu, ko ruwa ba ya haɗiya.

Na kasa addu'a. Fushi ya cika mini ƙirji. Ina kallonsa, ina tuna kowace dariya da ya yi mini.

Sai ga tsohon ya iso cikin motar kasuwa. Ya daɗe tsaye a kan ɗansa. Musulmi ne, bai taɓa kama sunan Ubangijinmu a gabana ba. Ya juyo ya ce, "Ɗiyata, su ya kamata su ɗauke ni zuwa kushewa. Na ɗauki biyu. Ki gaya ma Yesun naki, ba ni iya ɗaukar na ukku."

Na fita bayan ɗakin majinyata, na durƙusa cikin rana. Na ce, "Ubangiji, ina fushi da mutumin nan, ka sani. Amma kada ka ɗauke shi. In ba don ni ba, dubi tsohon nan." Iyakar abin da na iya faɗi ke nan, sai kuka.

Ya ji ni. Kafin mako ya zagayo, maigidana ya haɗiyi kunu. Yabo ga Yesu!

Hannun bai dawo ba. Mutanen fada sun leƙo sau ɗaya, yanzu wani ne zaune a gurbinsa can kan tabarmarsu, butar shayi ba ta huce ba. Na ga tsohon da ya isa a yi masa hidima yana riƙe da ɗansa, yana koya masa tafiya a tsakar gidana. Wannan fushin ma ina kai shi gaban Ubangiji kowace safiya, yana rage mini shi kaɗan-kaɗan.

Na gode wa Allah da ya bar mini miji, ya bar wa tsoho ɗa. Ku dogara gare shi, yana jin ko addu'ar mai fushi. Ku kuma maza, iyayen gidajenmu, ku da ke kallon ƙasa yanzu: ku je a auna ku, ku sha abin da anka ba ku. Mu mata mun gaji da zaman takaba tun yaranmu suna lakkol, ba su ƙare karatu ba.

Amin.