Wuta Ba Ta Sallama

A rumfar wani kafinta a kasuwar Haɗeja, Fannami masunci yana jiran a kankare masa katakon kwalekwale. Sai aka ɗauke wuta, injin ya yi tsit. Kafintan ya zare filogi.

"Malam, wutar ma babu, me kake zarewa?"

"Bakin injin zan share. Wuta in za ta dawo ba ta sallama."

"Haba! Aikin minti ɗaya?"

"Ni ma haka na taɓa ce wa maigidana."

"Sai aka yi yaya?"

Kafintan ya ɗaga hannun hagu. Yatsu uku ne.

Kafin Fannami ya ce uffan, fankar rumfar ta fara juyawa. A hankali ya janye hannunsa daga kan injin.