Shwaiya Ba Shayi Ba Ce

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban ƙungiyarmu ta 'yan kasuwar Naif a nan ƙasar Larabawa, Alhaji Oumarou, malamanmu da dattawanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwa na Kano da na Maraɗi da kuka rufe shaguna kuka cika wannan zaure na Muraqqabat, ina gaishe ku. Na gode da kuka ba ni dama kafin a ɗaga hannu.

Abin da ke gabanmu shi ne shawarar Alhaji Maharazu, ma'ajinmu, cewa a sayar da gonar agaden da muka haɗu muka saya a Lafiya, a kuma sallami mai kula da ita, Ɗalhatu. Ni ban yarda ba, kuma ga dalilina.

Na farko, mun san cutar. Agadenmu na kifewa da nonon 'ya'yansa saboda wasu tsutsotsi da ido ba ya gani suna cin saiwarsa a cikin ƙasa. Malamin gona ya tono, ya nuna mana saiwar ta yi baƙi ta ruɓe. Maganin feshin ganyen da muka dinga aikawa gida ta jirgin kaya bai taɓa isa inda suke ba.

Na biyu, mun san maganin. A fere gindin dashe har ya yi fari, a tsoma shi a tafasasshen ruwa gwargwadon karanta Fatiha a natse, a cire. A daina karɓar kyautar dashe daga maƙwabta da ƙasarsu a jiki. Inda cutar ta yi yawa a sa rogo, ƙasa ta huta. Sauran a ba su taki, a lulluɓe gindinsu da ciyawa.

To me ya kashe sabon dashen da muka yi bara? Jama'a, ina shagon Alhaji Maharazu ranar da ya buga waya gida, kwastoma na jan rigarsa, kwantena na jiransa a Ras Al Khor. Da kunnena na ji ya ce, "Ɗalhatu, ka sa su a ruwan zafi shwaiya, khalas, yalla!" Ya kife waya.

Mu nan mun san a Larabci shwaiya na nufin kaɗan, khalas shi ke nan, yalla kuma yi maza. Ɗalhatu bai taɓa wuce Akwanga ba. Shayi ya ji. Da na je na tambaye shi, sai ya ce, "Alhaji, an ce kamar shayi, shi ya sa na bari suka dahu sosai." Ko ɗaya bai tsiro ba.

Ku yi dariyarku, ni ma na yi. Amma wallahi da na ga bawan Allah nan tsaye cikin gonar da ya yi wa hidima shekara da shekaru, idonsa cike da ƙwalla, raina ya ɓaci ƙwarai. Mutumin da ya bi umarni har ya dafa dashe, ashe ba zai bi umarnin da aka faɗa masa da Hausa ba? Alhaji Maharazu, yayana, Larabcinka ya yi kyau, amma ka bar shi a Naif.

Ina da yaƙinin gonar nan za ta tashi. Na riga na tsaya tare da Ɗalhatu mun tsoma sabon dashe yadda ya kamata, kuma jiya matarsa Zaituna ta shaida mini duk sun fito da ganye. Iyalinsa na can zaune suna jiran abin da hannuwanku za su ce. Ku ba shi damina ɗaya.

Allah Ya albarkaci kasuwarmu da gonarmu, Ya haɗa kanmu, Ya mai da mu gida lafiya.

Na gode.