Tsagar Erkin

A tashar jirgin ruwa ta Cokurdak, can arewacin Rasha, wata dattijuwa ta zauna kusa da wani mutum da ya kasa ya tsare a kan akwatunan katako biyar.

"Samari, kifi ne kake wa wannan gadin?"

"Kayan gida ne, Inna."

"Kayan gida da warin laka? Ƙasusuwan mamut ne, giwar ƙanƙara. Shekara talatin ina wanke irinsu."

Ya waiga hagu da dama. "To, cikakkiya ce, har da haure. Wani mai tara su a Mosko ke jira."

"A wane kogi ka tono?"

"Haba Inna, mai tono yana faɗin raminsa?"

"Mijina Erkin ma bai faɗa wa kowa ba. Bara ya samu cikakkiya, ya bar wa ƙasa taba a matsayin tukwici, ya yi wa ƙashi tsaga uku, ya rufe. Bana ya tarar da rami wayam. Tun ranar yake kwance."

"Ba tawa ba ce. Muƙamuƙin tawa sumul yake, ko ƙwarzane babu."

"Na ce maka a muƙamuƙi ya yi?"

Mutumin ya dafe murfin akwati.

"Buɗe mu ga aikin mai goge tsaga. Ko in kira matuƙin jirgin? Ƙanin Erkin ne."