Ranar da na tare ƙanena a kan gada

Salamu alaikum mai gabatarwa. Ni ce Hajara ungozoma daga Kamarawa.

Ƙanena Sani ya taso daga daji da gingimari shaƙe da icce. Ƙaramar gadarmu ta tsage tun damina, har an kafa allon hana manyan motoci. Sai na shimfiɗa tabarma tsakiyarta na zauna.

Ya ce, "Yaya, tashi, kina ba ni kunya!"

Na ce, "Ta nan nake kai masu naƙuda asibitin Isa. Sai dai ka taka ni."

Dole ya juya. Sati uku bai gaishe ni ba, dangi sun ce in ba shi haƙuri. Ba ni badawa. In ya dawo, za ni sake zama. Masu sauraro, laifi na yi?