Angona mai oga uku

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Masu sauraro, ku cinka: ma'aikaci mai oga uku ya kwanta ciwo, wa zai zo dubiya?

Jikana Isiyaku, raggon angona, yana kamfanin ruwan leda a Bosso. Ogan sito, ogan inji, ogan rabon kaya, shi yaron kowannensu ne. Zazzaɓi ya kayar da shi, ina ta jinya har bayana ya ƙage. Na ce, "Ango, ina manyan naka?" Ya ce, "Kaka, kowa ya ɗauka ina wajen ɗayan." Da suka farga ba ya nan, wai ya gudu, korarsa za su yi. Na gaji. Ku ba ni shawara, ƙofar wa zan buga?

Mai shayin bakin kamfani ne kaɗai ya zo dubiya, da burodinsa.